Aikin kula da tsofaffi a Ingila: nawa ake biya, kuma ƙofar a buɗe take?

Tambaya: "Assalamu alaikum Yaya. Shekara uku ke nan da na gama makarantar koyon aikin lafiya a Kano, ina aiki a wani asibitin kuɗi, albashin bai taka kara ya karya ba. Wani dillali ya ce in kawo naira miliyan goma sha biyu ya samo mini takardar aikin kula da tsofaffi a Ingila, wai cikin wata shida zan mayar da kuɗina. Baba har ya fara maganar sayar da filinsa. Amma wata ƙawata da ta tafi a 2023 kullum muka yi waya sai ta yi kuka. Don Allah mene ne gaskiyar aikin nan, kuma nawa ake biya?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ki je ki roƙi Baba ya bar filinsa. Tun ranar 22 ga Yuli 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Wanda yake zaune a Kano ko Kaduna ko Maraɗi yau ba zai samu bizar wannan aiki ba, ko nawa ya biya, ko wa ya sani. Abin da ya rage kawai shi ne waɗanda suke cikin ƙasar: an ba su zuwa Yulin 2028 su sabunta bizarsu ko su canza wurin aiki. Saboda haka dillalin nan ko dai bai san abin da ake ciki ba, ko kuma ya sani sarai. Ni na fi zaton ya sani.

Da wannan kaɗai na tsaya ya isa, amma kin tambayi aikin kansa, kuma kukan ƙawarki ya cancanci a yi masa bayani. Ni na shiga aikin nan a ƙarshen 2014, bayan na biyo maigidana da ya zo karatu. Fam 6.50 ake biyana a awa, wato daidai mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a lokacin. Yanzu ni ke jagorantar ma'aikatan dare a wani gidan tsofaffi a arewacin Ingila, ni ke tsara jadawalin aiki, kuma ina cikin ƙungiyar ƙwadago, don haka takardun albashin mutane da yawa sun bi ta hannuna.

Yadda ƙofar ta buɗe ta kuma rufe

Bayan korona gidajen tsofaffi sun wayi gari ba ma'aikata. 'Yan gabashin Turai da suka riƙe aikin shekara da shekaru sun daina zuwa bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, 'yan ƙasa kuma sun gano cewa jera kaya a kanti ya fi sauƙi, kuɗin kuma ɗaya ne ko ma ya fi. Hukumar Skills for Care, wadda ke ƙididdigar ma'aikatan wannan fanni, ta ce a shekarar 2021 zuwa 2022 guraben da ba kowa a Ingila sun kai wajen 165,000. Sai a Fabrairun 2022 gwamnati ta saka aikin cikin bizar ma'aikatan lafiya. Nan fa aka yi ta kwarara: Indiya, Najeriya, Zimbabuwe, Gana, Bangaladash, Fakistan. A shekarar 2023 zuwa 2024 kaɗai wajen mutum 105,000 aka ɗauko daga waje.

An buɗe ƙofar ba tare da an sa mai gadi ba. Kamfanin da ba shi da tsoho ko ɗaya da yake kula da shi sai ya samu lasisin ɗaukar nauyi, ya riƙa fitar da takardar ɗaukar nauyin ma'aikaci da ake kira CoS, wadda sai da ita ake samun biza, yana sayarwa. A Maris 2024 aka fara ja da baya: aka hana sababbin masu zuwa tahowa da miji ko mata ko 'ya'ya, aka ce a Ingila sai kamfanin da ke da rajista da hukumar CQC, mai sa ido kan gidajen kulawa, zai ɗauki nauyin mutum. Ma'aikatar cikin gida ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisi sama da 470 a wannan fanni, ma'aikatan da ke rataye da waɗannan kamfanoni kuma sun haura 39,000. Ki lura, kamfani aka hukunta, amma ma'aikaci ne ya kwana a titi. A Afrilun 2025 aka ce duk mai neman ma'aikaci a Ingila ya fara duba waɗannan da aka bari a rana tukuna, bayan wata uku kuma aka sa sakata gaba ɗaya.

Ko a lokacin da ƙofar take buɗe, karɓar kuɗi a hannun mutum don a samo masa aiki laifi ne ga kamfanonin samar da aiki a Birtaniya, dokar tun 1973 take. Takardar CoS kuwa mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗinta ga gwamnati, fam 239 ne kafin a mayar da shi fam 525 a Afrilun 2025, kuma an hana shi ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Takardar da gwamnati ke karɓar 'yan ɗaruruwa a kanta ita ce na ga mutane sun saya fam dubu goma, wasu fiye. Sannan Najeriya, da Nijar, da Gana, da Kamaru, da Chadi duk suna cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikatan lafiyarsu sun yi ƙaranci, don haka ƙa'idar Birtaniya ta hana kamfanoni zuwa farautar ma'aikata a can. Mutum zai iya neman aiki da kansa, amma duk dillalin da ya buɗe ofis yana tallar guraben, tun daga tushe a karkace yake.

Kuɗin

Albashin wannan aiki a manne yake da ƙasa. Mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 ya kasance fam 11.44 a awa daga Afrilun 2024, ya koma 12.21 a Afrilun 2025, sannan 12.71 a Afrilun 2026. Yawancin gidaje wannan suke biya, ko su ɗora 'yan kwabbai a kai. Masu biza an ware musu nasu ma'aunin: fam 20,480 a shekara lokacin da aka fara a 2022, aka kai shi 23,200 a 2024, aka kai 25,000 a Afrilun 2025, wato fam 12.82 a awa in aka lissafa awa 37 da rabi a mako.

Fam dubu ashirin da biyar in aka juya shi zuwa naira kai yana juyawa, kuma da wannan lissafin dillali ke cin kasuwarsa. To mu yi lissafin da ba ya yi. Fam 12,570 na farko ba haraji. Abin da ya hau, wato 12,430, gwamnati za ta ɗauki kashi 20 cikin ɗari haraji, fam 2,486 ke nan, ta ƙara ɗaukar kashi 8 na inshorar ƙasa, wajen fam 994. Ya rage kusan fam 21,500, a wata kuma wajen 1,790. A cire na fansho, ki sauka kusa da 1,730. A garin da nake, wanda ba Landan ba ne, ɗaki guda a gidan haɗaka, ana raba kicin da banɗaki da baƙin fuska, fam 500 zuwa 600 nake ganin yaranmu suna biya. In da iyali ne sai gida sukutum, da harajin ƙaramar hukuma, da wuta da gas, wanda a lokacin sanyi yake ci kamar gara. Ga kuɗin bas, ga abinci, ga waya. Mai biza kuma ba ta da haƙƙin tallafin gwamnati, a rubuce yake a takardarta. Wadda ta iya tsuke bakin aljihu, ba ta da yaro, kuma ana ba ta cikakkun awanninta, za ta iya ajiye wani abu ta aika gida, ban ce ba a samu ba. Na ga waɗanda suka gina wa iyayensu ɗaki, suka biya wa ƙanne makaranta. Amma maganar mayar da miliyan goma sha biyu cikin wata shida tatsuniya ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne aikin ba shi da tsani. Skills for Care ta auna a Maris 2024: wadda ta shekara biyar ko fiye tana aikin, kwabo goma kacal na Ingila ta fi sabuwar shiga a awa guda. A 2016 tazarar kwabo 33 ce. Dalili kuwa, duk shekara doka tana ɗaga na ƙasa, gidajen ba sa ɗaga na sama, sai aka haɗu a wuri guda. Ina da abokiyar aiki Baturiya da ta shekara ashirin a gidanmu, tana gane tsohon da ciwon fitsari ya kama tun kafin zazzaɓi ya fito, daga yadda ya riƙe cokali kawai. Yarinyar da aka ɗauka makon jiya, wadda ita take koya wa yadda ake juya mutum a gado, kusan kuɗinsu ɗaya. Shi ya sa duk wadda ta samu dama take tsallakawa asibitocin gwamnati na NHS, inda aikin dare da na ƙarshen mako ke da ƙari, ga fansho mai kyau, ga albashi in ka kwanta ciwo.

Ciwo kam, nan ne ake gane bambanci. Yawancin gidajen tsofaffi ba sa biyan komai sai abin da doka ta tilasta, wanda a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 118.75 ne a mako, kuma a waccan shekarar kwana ukun farko ba ko sisi. Mutum yana mura, ya san zai iya shafa wa tsohuwa mai shekara casa'in, ya kuma san kuɗin haya na jiransa. Sai ya sa takunkumi ya fito. Kowa ya san ana yi.

Me ya sa kuɗin ya ƙi motsi

Mutane suna ɗauka masu gidajen ne kawai ke da rowa. Wasu suna da ita, ba na kare su. Manyan kamfanoni sun ci bashi sun sayi gidaje, kuɗin da ya kamata ya shiga albashi ya tafi biyan haya da ruwan bashi. Kamfanin Southern Cross, mai gidaje wajen 750, ya durƙushe a 2011, Four Seasons ma ya faɗa hannun masu kula da kadarar da ta karye a 2019. Amma tushen matsalar yana wurin mai biya. A Ingila asibiti kyauta ne, kulawar tsufa kuwa ba kyauta ba ce. In dukiyar tsoho ta haura fam 23,250, kuma sau da yawa har gidansa ake sawa a lissafi, shi zai biya wa kansa. Wannan adadi tun 2010 bai canza ba. In bai kai haka ba, ƙaramar hukuma ke biya, ita kuma shekaru ana datse mata kasafi, sai ta yanka farashin da ta ga dama, wanda galibi bai kai kuɗin da ake kashewa ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta bincika a 2017, ta gano masu biya daga aljihunsu suna biyan wajen kashi 41 cikin ɗari sama da abin da ƙaramar hukuma ke biya a gida guda, gado iri guda. Wato tsohon da ya sayar da gidansa shi ke cike giɓin maƙwabcinsa. Tunda albashi ne mafi girman abin da gidan tsofaffi ke kashewa, duk matsin da ya taso daga sama a kan ma'aikaciya yake sauka, kuma mafi yawansu mata ne, wajen takwas cikin goma.

Gwamnatoci sun sha alkawari. Kwamitin Dilnot da gwamnati ta kafa ya ba da shawarar sa iyaka ga abin da mutum zai kashe a kan kulawar tsufansa tun 2011, aka yi ta ɗagawa har aka soke shirin a Yulin 2024. An kafa wani kwamitin a 2025 ƙarƙashin Louise Casey, rahotonsa na ƙarshe sai 2028. Akwai kuma shirin yarjejeniyar albashi ta bai ɗaya ga ma'aikatan kulawa, ita ma ana maganar 2028. Allah ya sa mu gani. A Sukotilan da Wales gwamnatocinsu sun sa ma'auni da ya ɗan ɗara na Ingila, ba da yawa ba dai.

Yadda yini yake

Shif ɗinmu awa goma sha biyu ne, takwas zuwa takwas. Hutun awa guda ba a biyansa a gidaje da yawa, don haka na goma sha ɗaya za ki karɓa, wajen fam 140 kafin haraji. Ana so ki iso kafin lokaci ki karɓi bayanin waɗanda suka kwana, waɗannan mintoci sau da yawa ba a lissafa su, alhali aiki ne.

Da safe ku biyu ko uku ne a kan mutum goma sha biyar ko fiye. Doka ba ta faɗi adadin ma'aikata ga kowane tsoho ba, cewa kawai ta yi su wadatar, kuma kowane manaja da irin fassarar da yake yi wa wadata. Kafin ƙarfe goma da rabi ana so kowa an wanke shi, an canza masa famfas, an shafa masa mai, an sa masa kaya, an sa haƙoran roba da na'urar ji, ya karya kumallo. Wanda ba ya iya tsayuwa sai da injin ɗagawa, kuma ƙa'ida mutum biyu ke sarrafa shi. Kina tsaka da wannan ƙararrawar ɗaki na bakwai tana kuka, ta ɗaki na goma ta amsa. Wanda ke kwance kullum sai an juya shi duk bayan 'yan awanni, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya fito. Wanda haɗiya ke yi wa wuya ana kaurara masa ruwa da wani gari, a ba shi cokali-cokali, in kika yi gaggawa ya shaƙe ya sauka huhu. Kowane abu kuma sai an rubuta a wayar aiki: ya sha ruwa kaza, ya yi bayan gida, ya ƙi cin abinci. Abin da ba ki rubuta ba, a wurin masu bincike ba ki yi shi ba.

Ni injin nan ne ya koya mini hankali. Shekarata ta biyu, a wani gida da na bari tuntuni, abokiyar aikina ba ta zo ba, ba a kawo madadi ba. Wani dattijo ya zamo daga kujera, na ga ba zan tsaya jira ba, na tallabe shi ni kaɗai. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Mako uku ina kwance, kuma da na koma tambayar farko da aka yi mini ita ce me ya sa na karya ƙa'ida. Har yau in sanyi ya shigo wurin yana tuna mini. Shi ya sa nake gaya wa duk wadda ke ƙarƙashina: in ya faɗi, ki sa masa matashi, ki rufe shi da bargo, ki kira, kada ki ɗaga.

Sai gigin tsufa, wanda likitoci ke kira dimenshiya, kuma yawancin mazauna gidajen nan suna da shi. Wannan ba irin mantuwar kakanninmu ba ce ta ina na ajiye carbina. Mutum ya manta matarsa ta rasu, kullum da la'asar ya sa hula ya tsaya bakin ƙofa yana jiranta. In kika ce masa ta mutu, sabon makoki ne a gare shi, yau da gobe da jibi. Sai ki koyi cewa, zo mu sha shayi kafin ta iso. Za a mare ki, za a tofa miki yawu, za a yaƙushe ki, ba don mugunta ba, don a ganinsa wata baƙuwa ce ta shigo ɗakinsa tana tuɓe masa riga. Akwai wata tsohuwa, tsohuwar malamar makaranta, da safe in ta ga baƙar fuskata da ɗankwalina sai ta kira ni da sunan da ba zan maimaita ba, ta ce in fita. Da daddare in tsoro ya kama ta, ni kaɗai take yarda ta riƙe wa hannu har ta yi barci. Wata goma muna haka. Daren da ta cika ni ke zaune gefenta, 'yarta tana kan hanya daga nesa ba ta riske ta ba. Ni da wata 'yar Filifin muka wanke ta, muka taje mata kai, muka buɗe taga kamar yadda tsofaffin ma'aikatan nan ke yi. Ƙarfe takwas na sauka, na shiga bas, ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Da yamma na dawo, ɗakin an share.

Tunda daga Kano kike, akwai abubuwan da dillali ba zai taɓa ambata ba. Za ki wanke maza, tsirara, har al'aura. Wasu gidajen suna ƙoƙarin haɗa mace da mace, amma ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci ba mai tambayar ra'ayinki. Za ki ɗauki farantin naman alade ki ba mutum a baki, wani lokaci ki zuba masa giyarsa ta yamma. Ƙa'idar tsafta ta ce hannu a buɗe har gwiwar hannu, don haka doguwar riga mai hannu ba ta shiga, ɗankwali ko ƙaramin hijabin da ake cusawa cikin riga dai ba a hanawa. Salla a cikin hutunki za ki yi ta, ni a ɗakin wanki nake shimfiɗa dardumata. A watan Disamba azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin 'yan awanni, sai kin yi dabara da abokan aiki. Kowa da yadda ta sasanta wannan da zuciyarta da malaminta, amma gara ki sani tun kina gida.

Akwai kuma masu bin tsofaffi gida-gida, wanda shi ne aikin da aka kawo mutanenmu da yawa a kansa. Ziyara ta minti talatin nan, ta arba'in da biyar can, daga bakwai na safe zuwa goma na dare, da ramuka a tsakani. Doka ta ce lokacin tafiya daga gidan wannan zuwa na wancan aiki ne, dole in an lissafa duka kuɗin ya kai mafi ƙarancin albashi. A aikace mutum ya yini awa goma sha huɗu a waje a biya shi na bakwai. Masu kwana a wurin aiki kuwa Kotun Ƙoli ta yanke musu hukunci a Maris 2021, a shari'ar ƙungiyar Mencap da wata ma'aikaciyarta da ake ba fam 29.05 na kwanan awa tara: lokacin da aka ba ka gado ka kwanta ba dole ba ne a biya ka mafi ƙarancin albashi, sai lokacin da ka farka kana aiki.

Abin da nake zaton yana sa ƙawarki kuka

Wahalar aikin kowa na shanta, Bature da baƙo. Abin da ya bambanta mai biza shi ne igiyar da ke wuyanta. Bizar a ɗaure take da sunan kamfani guda. In kamfanin ya kore ki, ko aka soke lasisinsa, ma'aikatar cikin gida za ta aiko da wasiƙa, galibi kwana 60 ake bayarwa ki samu wani mai ɗaukar nauyi ko ki bar ƙasar. Manajan da ya san haka ba ya buƙatar ɗaga murya. Ya ce ki zo ranar hutunki, za ki zo. Ya sa ki dare shida a jere, za ki yi. Wasu sun sa wa mutane hannu a takardar cewa in suka bar aiki kafin shekara kaza za su biya dubban fam. Wasu kuma akasin haka ne, an yi alkawarin awa arba'in, ana ba da goma, ko babu sam. Wata yarinya ta zo gidanmu neman aiki a 2024, 'yar Najeriya, da fayil a hannu. Wata bakwai da saukarta ba a taɓa ba ta shif ko ɗaya ba, adireshin kamfanin da ke takardarta da ta je sai ta tarar da shagon aski. Mahaifiyarta gwala-gwalanta ta sayar. Ba mu da gurbi a lokacin, abin da na iya shi ne na haɗa ta da cibiyar yankinmu da gwamnati ta ba kuɗi don sama wa irinsu sabon wuri.

Ga kuma kaɗaici. Wadda ta zo bayan Maris 2024 ta bar miji da 'ya'ya a gida. Da can lissafin kowa shi ne a daure shekara biyar a samu takardar zama ta dindindin, igiya ta tsinke. A 2025 gwamnati ta fito da shawarar mayar da shi shekara goma, har ta ambaci goma sha biyar ga irin masu wannan aiki. Duk wadda ke cikin wannan hali ta riƙa duba shafin gwamnati da kanta, kada ta dogara da abin da ake turawa a WhatsApp.

Ki gaya wa ƙawarki tana da haƙƙi ko da biza take. Hutun shekara mako 5.6 ne da albashi. Aikin da ya wuce awa shida yana da hutun minti ashirin, tsakanin shif da shif kuma awa goma sha ɗaya. Ba a tilasta mata wuce matsakaicin awa 48 a mako sai in ita ta sa hannu ta yarda, kuma tana iya janyewa. Ba wanda ke da ikon riƙe mata fasfo. Kuɗin yunifom ko na horo in an cire shi har albashinta ya faɗi ƙasa da mafi ƙaranci, an karya doka, kuma hukumar haraji ta HMRC ke bin wannan, ana iya kai ƙara ba tare da an faɗi sunanta ga kamfani ba. Tana iya canza mai ɗaukar nauyi, ba aure aka ɗaura ba. Tana iya ƙara aikin awa ashirin a mako a wani wurin a fanninta. Acas, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki, da Citizens Advice, ƙungiyar taimaka wa jama'a, suna ba da shawara kyauta, ƙungiyoyin ƙwadago na UNISON da GMB suna karɓar masu biza, kuma ta shiga tun kafin rigima ta taso, domin ba kasafai suke ɗaukar matsalar da ta riga shigarka ba. Kotun ma'aikata tana da wa'adi gajere, kada ta zauna tana jiran ya gyaru da kansa.

Ke kuma, in zuciyarki na kan fita, hanyar da ta rage a fannin lafiya ita ce ta cikakkiyar ma'aikaciyar jinya. Har yanzu ana ba nas biza, amma sai ta yi rajista da hukumar NMC, mai ba ma'aikatan jinya lasisi a Birtaniya: jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, jarrabawar kwamfuta da ake iya yi a Najeriya, sannan ta aikin hannu bayan an iso. Takardar lafiyar al'umma da ake samu a irin makarantarku ba ta ba da wannan rajista, sai kin koma kin yi karatun jinya kin samu lasisin hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya. Shekaru ne, na sani, kuma dokokin nan suna iya sake canzawa kafin ki gama. Amma kuɗin karatun bai kai filin Baba ba, kuma lasisin naki ne ko kin fita ko kin zauna.

Dillalin kuwa, in kin riga kin ba shi wani abu, ki adana rasit da saƙonninku, ki tafi da wani babba namiji na gidanku ku nemi kuɗinku tun bai canza lamba ba. In ba ki ba shi ba, ki tambaye shi sunan kamfanin da zai ɗauki nauyinki da lambar aikin da za a rubuta a takardar, ki ce za ki duba a jerin masu lasisi da ke shafin gwamnatin Birtaniya, ki ga yadda fuskarsa za ta yi. Ƙawarki kuma ta ɗauki hoton takardun albashinta na wata ukun baya, da jadawalin aikinta na waɗannan watanni, da kwantiraginta, ta kai wa wakilin ƙungiya ko ofishin Citizens Advice na garinsu a zauna a ƙirga awannin ɗaya bayan ɗaya.